Gona da Daji: Maɗinkiyar da ke Gadin Koko

A wannan wata za mu leƙa gonakin kurmi, inda da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na zango suke neman abinci, ko a gonar koko, ko wajen sayen goro.

Duk wanda ya taɓa hawa bishiyar mangwaro ko lemo a ƙasar Asante ya san jan tururuwan nan mai dogayen ƙafafu. Cizonta da zafi, don tana fesa wani ruwa mai yaji a inda ta ciza. Masana suna kiranta Oecophylla longinoda. Ba ta haƙa rami kamar tururuwar da muka sani a Arewa. Gidanta a sama yake, cikin ɗanyen ganye.

Ga yadda take gini. Ma'aikata su jeru a bakin ganye, su jawo wani ganyen kusa. In da tazara, sai wannan ta kama ƙugun waccan, su zama sarƙa har ganyen ya haɗu. Daga nan wasu su ɗauko tsutsotsin gidan a baki, su riƙa kai su nan da can, tsutsar tana fitar da farin zare mai liƙe ganyen. Zuri'a guda, mai uwa ɗaya, takan mallaki gidaje masu yawa a kan bishiyoyi da dama. In ganyen ya bushe, su ɗinka sabo.

To, abin da ya dame mu shi ne yadda wasu ke cinna wa gidajen nan wuta, ko su feshe su da magani saboda cizo. Wannan asara ce. Tururuwan nan farauta take yi, tana kuma korar ƙwaron akate mai tsotse rassan koko har su bushe, da ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa. Manoman lemo a ƙasar Sin sun fi shekara 1,600 suna kiwon 'yar'uwarta don gadin gona.

Shawararmu ita ce, in za a hau bishiya a shafa toka a hannu da ƙafa, cizon zai ragu. A kuma bar bishiyoyi a gona, don a kansu take samun wurin zama. Mai gadin da ba ya karɓar albashi bai cancanci wuta ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.