Ƙamusun Da Bai San Bambancin Yaji Da Saki Ba

A makarantun ƙauyukan arewacin Kano, daga Ɗambatta da Makoɗa zuwa Bichi da Tsanyawa, akwai wata hanyar koyar da Turanci da ta zama jiki. Malami ya ja layi ya raba allo biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, kalma ɗaya a gaban kalma ɗaya. Yara su rera, su haddace, a tashi. Da haka "separation" ke zama "rabuwa", "absent-minded" kuma ya zama "mai mantuwa". Malamin bai yi ƙarya ba. Sai dai yaron da ke rerawa ya baro kalmomi a gida waɗanda suka fi wannan fassara kaifi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa su ma ilimi ne.

A leƙa tsakar gida bayan an shigo da damman gero. Uwargida za ta zuba zangarniya a turmi ta yi sussuka. Ta ɗauki ƙwarya ta tsaya inda iska ke kaɗawa ta yi shiƙa, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta zube ƙasa. Ta yayyafa ruwa ta yi surfe, ta ɗauki faifai ta yi bakace har dusa ta fita. In an dawo daga niƙa, sai tankaɗe: gari ya wuce ta rariya, tsaki ya tsaya a sama. Duk raba wani abu da wani ake yi, amma yarinyar da aka ce ta yi bakace ta ɗauko rariya, ranar za ta sha dariyar 'yan gida.

A gona ma haka ne. Yankin waɗannan ƙauyuka yana cikin karkarar Kano mai cunkoson jama'a, wadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinta tun shekarun 1960, inda ake nome gona kowace damina ba hutu, sai dai a ciyar da ita da taki. A irin wannan wuri, ɗa ya samu gayauna daban ne da a raba gandu, raba gandu kuma daban ne da rabon gado. Na farko uba yana raye, ana noma tare. Na biyu kowa ya kama gabansa. Na uku sai bayan rasuwa, kuma da malamai ko alƙali.

Inda abin ya fi zafi shi ne aure. Matar da ta yi yaji tana gidan iyayenta, amma igiyar aurenta na nan daram, biko kawai ake jira. Wadda aka saka tana idda, kuma in sakin bai cika uku ba akwai damar kome. Wadda ta nemi hul'i ita ce ta fanshi kanta. Mai cike takardar ƙidaya ko ta tallafi, in ya tattara su ukun ya rubuta "sun rabu", ya kashe auren da yake raye, a kan takarda.

Mantuwa ma ba guda ba ce. Almajirin da ya karanta Ahalari ya san dogon babin rafkanwa a salla, ya san inda ake ƙabli da inda ake ba'adi. Ya san rafkanwa ba sakaci ba ce, domin mai sakaci ana ganin laifinsa. Wanda ya ce "na sha'afa" uzuri yake nema, wanda aka ce ya shagala wani abu ne ya ɗauke masa hankali, gafala kuwa kalmar mai wa'azi ce. Kalmar Turancin nan da aka fassara da "mai mantuwa" ta fi kusa da mutumin da yake zaune tare da jama'a amma hankalinsa yana can wani wuri.

Ba wai Hausa ta rasa ƙamus ba ne. J. F. Schön ya wallafa nasa a 1876. G. P. Bargery ya fitar da katafaren ƙamusunsa a 1934, mai kalmomi kusan 39,000, har yana nuna wadda ta Kano ce, wadda ta Katsina da wadda ta Sakkwato. R. C. Abraham ya biyo baya a 1949, Neil Skinner a 1965, sai Paul Newman da Roxana Ma Newman a 1977. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Aiki ne na a yaba. Tambayar ita ce, nawa daga cikinsu suka isa hannun malamin firamare a garin Kunci? Abin da ya isa hannunsa wayar salula ce, ita kuwa manhajar fassara sau da yawa kalma ɗaya take miƙowa ta yi shiru.

Mutanen ƙasar Cek, da yawansu bai wuce kusan miliyan 10 ba, sun taɓa shiga irin wannan hali. A ƙarƙashin mulkin Ostiriya, Jamusanci ne harshen ofis da babbar makaranta, nasu kuwa ana kallonsa harshen manoma. Josef Jungmann ya tattara kalmominsa ya fitar da ƙamusun Cek da Jamusanci mai juzu'i 5 a shekarun 1830, da kalmomi wajen 120,000. Yau da harshensu suke karatun likita da shari'a. Masu jin Hausa sun ninka su sau da dama.

A 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma akasarin maganar da ake yi ta gini ce da kujeru da ɗaukar malamai. A ƙara da ƙamus. Ana bukatar ƙarami, mai araha, na Turanci da Hausa, wanda zai kawo kowace ma'ana da jimlar misali daga gona da kasuwa da tsakar gida. A tura ɗaliban kwalejojin ilimi, irin ta Bichi, su zauna da tsofaffin mata da manoma su rubuto abin da ke bakinsu, masanan Jami'ar Bayero su tace. Ma'aikatar ilimi kuma ta tabbatar kowane malamin Turanci da na Hausa a karkara ya samu kwafinsa.