Ubangida na gari ba ya cin jarin yaronsa

A shekarun nan wani irin kasuwanci ya bazu cikin garuruwanmu, daga Yamai har Damagaram. Ana kiran mutum taro a zauren otal, a jera masa kwalaben maganin ƙarin lafiya, ko sabulu, ko man shafawa, a ce masa: sayi kaya ka sayar, ka kuma kawo mutane su shiga, kana da kaso cikin duk abin da suka saya. Wanda ya shigo da kai shi ne ubangidanka, shi ke da nauyin koya maka aikin. Kan wannan ubangida nake so mu tsaya yau.

Ubangida ba baƙo ba ne a wurinmu. Da yawa daga Alhazan Maraɗi a rumfar wani suka taso, suna tsaron kaya, suna bin mota zuwa Katsina da Kano. In shekaru suka ja, ubangida ya ware wa yaro jari, ya tsaya masa wurin masu ba da kaya bashi. Ribarsa ita ce yaron ya tsaya da kansa. A sabon tsarin kuwa, ubangida yana samu ne daga abin da yaron ya kashe tun ranar farko. Saboda haka mai koyarwa da mai koyo ba kullum buƙatarsu ke zama ɗaya ba.

Mu ɗauki alƙalami. In kowa zai kawo mutum 5, hawa na farko mutum 5 ne, na biyu 25, na uku 125. Hawa na 10 ya kai 9.765.625, na 11 kuwa 48.828.125, adadin da ya zarce mutanen Nijar baki ɗaya, har da jarirai. Ke nan wanda aka ce masa arzikinsa yana cikin kawo mutane kawai, an ɗora shi kan hanyar da dole ta ƙare, kuma na ƙasa su ne masu yawa.

Amurka, inda wannan sana'a ta girma, ta daɗe da sanin haka. An kafa kamfanin Amway a 1959. A 1979 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta yanke cewa tsarinsa ba zamba ba ne, bisa wasu ƙa'idodi: mai neman kaso ya sayar wa masu saye 10 kowane wata, ya sayar da kashi 70 cikin 100 na kayan da ya ɗauka, kuma a karɓi kayan da suka ƙi sayuwa a mayar da kuɗi. A 2016 hukumar nan ta sa kamfanin Herbalife biyan dala miliyan 200 ta Amurka, ta kuma tilasta masa ɗaure lada ga cinikin gaskiya. Ma'aunin dai guda ne: shin kuɗin daga masu saye na waje yake fitowa, ko daga aljihun sababbin shiga?

To, kai da ka tara yara a ƙarƙashinka, ga abin da ke kanka.

Na farko, gaya wa yaro gaskiyar abin da kake samu bayan an cire kuɗin kaya, na mota da na waya. Hoton motar wani da ba ku sani ba, ba lissafi ba ne.

Na biyu, kada ka yarda ya shiga da kuɗin bashi, ko na adashe, ko na gonar gado. Ya fara da kayan da zai iya sayarwa cikin wata guda.

Na uku, koya masa ciniki kafin ka koya masa kiran taro. Bi shi kasuwa, ka ga yadda yake magana da mai saye. Ka hana shi cewa kayan suna warkar da ciwon suga ko hawan jini, domin mai ciwo yana iya barin maganin likita saboda maganarsa.

Na huɗu, nuna masa ƙofar fita tun yana shiga. In ya gaji, kayansa fa? Wa zai karɓa?

Ga ma'aikata kuma, shugaban biro kada ya ɗauki wanda ke ƙarƙashinsa. Ƙaramin ma'aikaci ba ya iya ce wa mai sa hannu a takardunsa a'a, kuma abin da aka karɓa da kunya ba ciniki ba ne.

Ni kaina na ga ɗan uwa, malamin lakkwal, da ya zuba albashin wata biyu cikin kwalaye da har yanzu suna ƙarƙashin gadonsa. Kuɗin bai dame shi kamar yadda zumunci ya dame shi ba: wanda ya shigar da shi surukinsa ne, yau ko gaisuwa sai da nauyi. Kuɗi na dawowa, amana kuwa in ta zube ba ta kwasuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.