Abin da Ya Sa Na Daina Dariyar Waƙar Gambu

Tun kafin in fara na san abin da zan faɗa ba zai yi wa da yawanku daɗi ba, domin na riga na faɗe shi sau biyu da baki, sau ɗaya a cikin mota, sau ɗaya a ɗakin kwananmu, kuma duka biyun ban sha da daɗi ba. To, da yake takarda ba ta katse mutum, shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ya karanta har ƙarshe sa'an nan ya yi mini hukunci.

Ga yadda abin ya faro. A hutun da ya wuce na je Gummi gaishe da gwaggona, ranar komowa na shiga motar Anka. Kusa da ni akwai wata dattijuwa riƙe da ƙullin tsumma, ba ta yarda ta ajiye shi ko a cinyarta ba. Tun a tasha ta gaya wa matar da ke gefenta cewa ɗanta yana hannun mutanen daji, ta zo wurin dangi ne neman gudummawa, abin da aka tara mata ke nan. Muna wuce Daki Takwas, inda kowa kan yi tsit yana karanta abin da ya sawwaƙa, sai direba ya kunna waƙar Gambu, wai don ya ɗebe mana tsoro. Nan da nan mota ta kaure da dariya. Wani yana buga cinya, wani yana maimaita abin da makaɗin ya faɗa. Ni ma na fara murmushi, sai na waiga na ga dattijuwar nan ta sunkuyar da kai, ta ƙara matse ƙullinta a ƙirji.

Ban san sa'ad da na ce, "Malam direba, don Allah a canza mana wannan." Ya dube ni ta madubi ya ce, "Kai ɗan makaranta, Gambu na fa!" Wani dattijo a gaba ya juyo ya ce, "Yaro, waƙa ta. Wa ta taɓa yankawa?" Na ce, "Haka ne, Baba," na yi shiru, don ba a gardama da babba a cikin mota. Amma tambayarsa ta bi ni har gida, kuma amsarta ce wannan.

Ga wanda bai san shi ba, in akwai, marigayi Muhammadu Gambo mutumin Fagada ne ta ƙasar Kabi, ba nisa ƙwarai da mu. Ya yi suna ne da waƙar ɓarayi. Yana kiran sunayensu, yana yabon ƙwarewarsu da taurin ransu, yana yi wa mai kaya ba'a. Ba zan yi ƙarya ba, mutumin yana da fasaha. Ya iya jera magana, ya iya ban dariya, kuma Hausarsa irin tamu ce ta yamma, wadda in ka ji ta sai ka ji kamar a ƙofar gidanku ake hira. Ba na cikin masu cewa bai iya waƙa ba. Iyawar tasa ma ita ce abin da ya dame ni, domin da bai iya ba da tuni an manta da shi.

Da na kai maganar wurin kakana, wanda har yanzu yake ajiye da rediyonsa mai kaset da buhun kaset-kaset, sai ya yi dariya ya ce, "Kai jikana, mi ka sani? Ɓarayin Gambu ba irin waɗanga ba na. Wancan ɓarawo da dare shika zuwa, shi haura katanga, in ka yi tari shi sheƙa." Ya ƙara da cewa Gambu bai koya wa kowa sata ba, abin da ke akwai ya faɗa, kuma masu saurarensa manoma ne da 'yan kasuwa, ba ɓarayi ba. Ya kuma tuna mini cewa mutumin a ƙarshen rayuwarsa ya bayyana wa duniya ya tuba ya bar wannan waƙa. Duk wannan na yarda da shi, kuma ina roƙon Allah Ya karɓi tubansa. Sai dai shi ya tuba, amma waƙoƙin suna nan a memorin kowace mota da kowane shagon cajin waya, ba su tuba ba.

Yanzu ga hujjata, kuma daga bakin iyayenmu na samo ta. Su ne suke ba mu labarin gayya, yadda in makaɗin noma ya goce da ganga ya kira sunan mutum da na ubansa, sai ka ga ƙato ya duƙa bisa kuyya ba ya ɗagowa har rana ta take tsaka, wani ma har ya faɗi. Su ne suke gaya mana yadda Ɗan'anace yake yi wa Shago kirari har ya fito fagen dambe ba ya ganin kowa a gabansa. Su ne suke cewa in Kassu Zurmi ya taɓa kiɗan 'yan tauri, sai mutum ya zare wuƙa ya hau jikinsa da ita. Kowa ya yarda kiɗa yana shiga jini, yana tsima mutum, yana sa shi ya aikata abin da ba zai aikata ba in yana zaune shi kaɗai. Don haka ake ba makaɗi doki da riga. To, jama'a, in kiɗa yana ƙara wa manomi ƙarfin noma, yana ƙara wa ɗan dambe ƙarfin zuciya, ta yaya za a ce ɓarawo ne kaɗai ake yi wa kirari ya tashi yadda ya zauna? Ko dai kirari yana aiki, ko ba ya yi. In ba ya yi, to iyayenmu sun yi asarar dawakinsu. In kuwa yana yi, to waƙar ɓarayi ba wasa ba ce.

Ba ɓarawon kaɗai take taɓawa ba, har da mu masu dariya. Yaron da ya tashi yana jin manya suna shewa in an ambaci wanda ya kwashe kayan mutane ya tsere, yana jin ana mai da mai kaya abin ba'a, ba sai an zaunar da shi an gaya masa wane ne gwani wane ne wawa ba. Ya riga ya ɗauka.

Kada a ce na ce Gambu ne ya kawo mana abin da muke ciki. Ban faɗa ba. Ba shi ya kawo bindiga ba, ba shi ya cinye burtali da makiyaya ba, ba shi ya hana a yi wa mutane adalci ba, ba shi ya haƙa ramukan zinari ba. Abin da na ce shi ne in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin da ya yi kyau a yi wa dariya a lokacin da mutum yake kwana a gona ba fargaba, ba lalle ya yi kyau ba a ƙasar da aka shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022 aka yi kwanaki ana kashe mutane, gwamnati ta ce 58, mutanen wurin suka ce sun kai 200. Akwai waɗanda muke aji ɗaya da su da suka baro garuruwansu a guje, ko takalmi babu. Ku tambaye su ko suna jin daɗin waƙar. Ni na tambayi ɗaya, bai ce mini kome ba, ya tashi ya fita.

Abin mamaki kuma, a shekarar 2021, da wata waƙa ta yaɗu a wayoyi tana yabon Bello Turji, kowa ya yi tir. Malamai sun yi magana, iyaye sun yi faɗa, kakana da kansa ya ce wannan mawaƙi ya ci amanar jama'a. Daidai ne. Amma na rasa gane inda aka ja layi. Wancan ya yabi mai ƙwace, wannan ya yabi mai ƙwace. Bambancin da na gani shi ne wancan ya fi iya Hausa, kuma waɗanda ɓarayinsa suka cuta sun mutu ko sun tsufa, ba sa cikin motar da za su sunkuyar da kai.

Tunda na riga na tsokano, bari in ƙarasa. Iyayenmu suna yawan cewa mawaƙan yanzu maroƙa ne, kuɗi suke bi, na da kuwa su ne mawaƙa. Sukan kawo misalin Dauda Kahutu Rarara, wanda ya yi wa Buhari waƙa a zaɓen 2015, bayan ya sauka a 2023 kuma ya fito ya soke shi a gaban 'yan jarida. Ban zo kare shi ba. Amma da ladabi nake tambaya, Narambaɗa ba makaɗin Sarkin Gobir na Isa ba ne? Salihu Jankiɗi ba Sarkin Taushin Sarkin Musulmi ba ne? Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, bai yi wa Sardauna waƙa a zamanin siyasar farko ba? Kowannensu yana da ubangida, yana yabonsa, yana yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici, ana ba shi. Na yarda kotson Ɗanƙwairo da amshin yaransa sun fi ƙarfin abin da ake haɗawa da kwamfuta a situdiyo nesa ba kusa ba, ni ma in na ji su tsigar jikina takan tashi. Amma wannan magana ce ta iyawa. Sana'ar ɗaya ce tun da can, wanda ya bayar shi ake kira.

Ku kuma abokaina, kada ku yi murna wai na taɓa tsofaffi. Da na faɗi wannan ra'ayi a ɗakin kwana, ku ne kuka ce ai ku ba ruwanku da Gambu, ku Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Ado Gwanja kuke ji, soyayya ce da biki, ba su cuci kowa ba. To, na ji. A hutu na karɓi wayar yayana na bi waƙoƙin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sun fi ɗari biyu. Na sami na soyayya, na sami na amare, na sami na 'yan siyasa, wasu ma an riga an kayar da su. Abin da nake nema ban samu ba. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinari da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙasar nan tamu, a su Dareta da Abare da 'Yargalma, aka kuma same ta da yawa a Bagega, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka zo suka buɗe wuraren jinya, aka riƙa kankare ƙasar tsakar gidaje ana zubarwa. Yawancin yaran nan ba su kai shekara biyar ba. Da sun rayu, da wasunsu suna zaune a bencinmu yanzu, da wataƙila ɗayansu ne zai rubuta wannan shafi ba ni ba. A cikin waƙoƙi ɗari biyun nan ɓarawo ya sami mai kiran sunansa, ɗan takarar da ya faɗi ya samu, su ba su samu ba. Dalili kuwa a fili yake, iyayensu ba su da abin liƙi.

Wani zai ce ai mawaƙi ba ɗan jarida ba ne, aikinsa nishaɗi. Ban yarda ba, domin an taɓa yi. Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba ya da riga ta biyu balle ya ba makaɗi. Ya rasu a 2015, kuma har gobe ana jinta. Watau ana iya waƙe wanda ba ya biya, a kuma ci abinci. Saboda haka ni a wurina Ɗanmaraya ya fi da yawa daga cikin waɗanda ake jerawa a gabansa. Na faɗi haka a gaban kakana, har da cewa ta wannan fuska ina fifita shi a kan wasu makaɗan fada na ƙasarmu, sai ya ajiye carbinsa ya dube ni kamar na zagi garinmu.

Ba na kiran a hana. An sha hana abubuwa a jihar nan, har layin waya an taɓa rufewa a watan Satumba na 2021, amma abin da ke cikin memori bai san an rufe ba, daga waya zuwa waya yake tsallakawa. Roƙona ƙarami ne. Direba, kafin ka kunna, dubi wanda ka ɗauko. Mai shagon caji, in yaro ɗan shekara goma ya kawo waya a zuba masa waƙa, kai ne kake zaɓa masa. Iyayenmu kuma, in kun ji dole sai kun saurara, to ku gaya wa yaron da ke gefenku cewa Hausar kuke yabo, ba mutanen da ake kira ba, don shi ba zai iya rabewa ba.

Tun ranar da na yi maganar a ɗakin kwana aka laƙa mini suna Liman, in na shigo sai wani ya fara kiɗa akwati da cokali. Ba na fushi. Kuma don kada in ɓoye kome, jiya da nake wanki a bakin famfo na kama kaina ina rera wannan waƙar ta cikin mota a hankali, har na kusa kai rabi kafin in farga. Dattijuwar kuwa a Anka ta sauka, a bakin tasha, ta tambayi inda ake samun mashin mai shiga ƙauye. Direban bai karɓi kuɗin motarta ba.