Motar gida ko 'yar Kwatano: Lissafin da ya kamata matashin Funtuwa ya yi kafin ya tura kuɗi

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwar wayarsa kasuwa ya san wannan darasi. Mutum biyu za su sayi waya rana ɗaya a kan kuɗi kusan ɗaya. Bayan shekara guda, na farko ya ɗaga tasa a karɓe nan take, na biyu kuma ya yi ta yawo daga rumfa zuwa rumfa ana ce masa ba a samun sikirin ɗinta. Mai yiwuwa ma wayar na biyun ta fi kyamara da batir, amma kasuwa ba ta san ta ba, masu gyara ba su saba da ita ba, don haka mai saye ke jin tsoro.

Haka lamarin mota yake, sai dai kuɗin sun fi yawa, kuskuren kuma ya fi ciwo. A yankin Funtuwa da Malumfashi, inda kuɗin mafi yawan gidaje ke fitowa daga masara, waken suya, shinkafa da auduga, muhawarar "a sayi ta gida ko ta waje" ta wuce cacar bakin soshiyal midiya. Magana ce ta jarin noman baɗi.

Abin da ke riƙe darajar mota a wannan yanki shi ne nisan da ke tsakaninta da kayan gyaranta, da kuma yawan kanikawan da suka san cikinta. Ƙasar da aka haɗa ta ba ita ce kan gaba a lissafin ba.

Mota a nan rumbu ce

A Abuja ko Legas, ma'aikaci na iya sayen mota ya hau shekara biyar bai taɓa tunanin sayarwa ba. A Bakori, Ƙafur, Ɗanja ko Ɗandume ba haka abin yake ba. Da yawa suna sayen mota ne bayan kaka, lokacin da aka fitar da amfanin gona kuɗi suka shigo. Idan damina ta matso, kuɗin taki da iri da maganin feshi da na 'yan ƙwadago suka taso gaba ɗaya, motar na cikin abubuwan farko da ake kai wa dillali.

Wannan ya sa tambayar ta kasu biyu: nawa za a saye ta, kuma cikin kwana nawa? Motar da za ta yi wata biyu a hannun dillali tana jiran wanda ya san irinta ta riga ta jawo asara ko da a ƙarshe an biya kuɗi mai kyau, domin masara ba ta jiran taki. Mai sayarwa cikin matsi kuwa, abin da aka taya shi yake karɓa.

Shi ya sa Toyota Corolla, Honda Civic da Accord, Golf, Sharan da Fijo 406 suka cika tashoshi da garejin yankin. Ana iya sayar da su a ranar da aka fitar da su, ana kuma samun kayan gyaransu sabbi da na gwanjo a cikin gari. Abin da ya gagara, a kira Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a saka shi a motar haya ya iso washegari.

Fijo ta riga ta ba da amsa

Masu cewa motar Najeriya ba za ta taɓa yin daraja a hannu na biyu ba sun manta da tarihi. Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Fijo 504 da ya riƙa fitarwa ta zama motar gwamnati, motar alhazai, motar haya kuma motar ɗaukar kaya. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har zuwa 2006, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Faransa. Daga baya aka haɗa 406 a wannan masana'anta, kuma har yau tana kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya da ta Funtuwa zuwa Katsina.

Babu wanda ya guji 504 don an haɗa ta a Kaduna. An so ta ne saboda ta dace da hanyoyin ƙasar, kowane bakanike ya koyi aiki a kanta, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Ta yi yawa a kan titi, yawan nan ya jawo 'yan kasuwar kayan gyara, su kuma suka ƙara wa masu saye ƙwarin gwiwa. Wannan zagayen ne Toyota da Honda suka gada daga baya, lokacin da tattalin arziki ya karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, motocin gwanjo na Turai da Amurka suka fara kwararowa ta tashar Kwatano, wasunsu ta Maraɗi zuwa Jibiya.

A yau akwai masu haɗa mota a cikin gida. Innoson na Innocent Chukwuma yana aiki a Nnewi ta jihar Anambra. Nord yana Legas. A 2022 kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa Fijo 301 a sabuwar masana'antarsa da ke Kaduna. Sai dai babban kason cinikin irin waɗannan kamfanoni daga gwamnatoci da hukumomi da manyan kamfanoni yake fitowa. Motocin ba su kai ga hannun talakawa da yawan da zai sa mai shagon kayan gyara a Malumfashi ya zuba jarinsa a fitilarsu ko gilashinsu ba. Nan matsalar take.

Inda ta gida ta yi zarra

Adalci ya sa a faɗi abin da sabuwar motar gida ta fi 'yar Kwatano da shi, kuma ba kaɗan ba ne. Babu wanda ya taɓa hawanta. Tana zuwa da garanti. Takardunta cikakku ne, babu fargabar jami'an kwastam su tare ta a hanya su ce ba a biya kuɗin fito ba. Shekarun farko kusan babu kashe kuɗi sai na juyen baƙin mai da tacewa.

Motar gwanjo kuwa takan zo da tarihin da dillali ba zai faɗa ba. Wata ta yi hatsari a Amurka kamfanin inshora ya yi gwanjonta, wata ambaliya ce ta shanye ta, wata an mayar mata da lambar tafiya baya. Wata kuma ta yi shekara uku tana aiki a Legas, aka yi mata fenti aka kira ta sabuwar shigowa. Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da ta bi ta daji ba ta da takardar kwastam ta gaskiya, komai kyan takardar da aka nuna. Wanda ya sayi irinta da araha, ranar da aka kama ta zai gane cewa araha ba ta ado.

Duk da haka, akwai abu biyu da ke rage wa ta gida wannan fifiko. Na farko, garanti yana aiki ne idan an kai motar wurin gyaran da kamfani ya amince da shi. Idan wurin yana Kaduna ko Kano ko Abuja, kowace ziyara tana cin mai, tana cin wuni guda, wani lokaci har da kwana. Na biyu, yawancin sassan motocin da ake haɗawa a gida daga waje ake shigo da su, saboda haka tashin dala yana bugunsu kamar yadda yake bugun na Kwatano.

Sannan akwai asarar da ke kan duk wanda ya fara hawan sabuwar mota, ko ina aka ƙera ta: darajarta ta fi saurin zubewa a shekarun farko. Wanda ya sayi Corolla mai shekara goma, wani Bature ne ya riga ya ɗauke masa wannan asara.

Ribar da ba riba ba

Akwai wata magana da ta yaɗu a tsakanin matasa tun 2023, cewa mota ta zama kadara, wai a hau ta shekara biyu a sayar da riba. Lambobin suna nuna haka, amma lissafin bai cika ba.

A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Tunda da dala ake sayo motocin waje, da ita kuma kwastam ke lissafin kuɗin fito, farashinsu ya yi sama, ya ja na hannu na biyu tare da shi.

A ɗauka matashi ya sayi mota miliyan 4, bayan shekara biyu ya sayar miliyan 7. A baki ya ci miliyan 3. Amma idan irin motar da ya saya a wancan lokaci yanzu ta koma miliyan 10, bai ci komai ba, domin kuɗin hannunsa ba za su mayar masa da ita ba. Ga manomi, ma'aunin da ba ya yaudara shi ne buhu: buhun taki nawa kuɗin motar za su saya ranar da aka saye ta, nawa za su saya ranar da aka sayar?

Haka kuma wannan "riba" ba ta cire abin da motar ta ci a tsakani ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai ga haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Inshorar dole ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Ga taya, batir, shokozoba da sabunta takardu. Mota mai babban inji da ke burge mutane a hoton Instagram tana iya shanye cinikin mako a zuwa Zariya da dawowa.

Abin da wayar hannu za ta iya yi

Matashin yau yana da kayan binciken da iyayensa ba su samu ba. Kowace mota ta zamani tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, ana iya biyan kuɗi a shafi irin Carfax a ga rahoton hatsarinta da tafiyar da aka rubuta mata. Sau da yawa saka lambar a Google kaɗai kan fito da hotunan motar a filin gwanjo kafin a gyara ta.

Akwai kuma ƙaramar na'urar OBD2 da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, ta karanto matsalolin da kwamfutar motar ta ajiye. Motocin kasuwar Amurka suna da wannan kafa tun 1996. Ba ta maye gurbin bakanike, amma takan tona asirin wanda ya kashe fitilar gargaɗin inji don ya ɓoye matsala.

Game da darajar sayarwa, Jiji da Facebook Marketplace sun isa a fara da su. A nemi irin motar mai shekara uku ko biyar, a ga guda nawa ne a kasuwa, nawa ake nema, tun yaushe tallar take a shafin. Farashin da aka rubuta ba shi ne na sallamawa ba, amma tallar da ta yi watanni ba a cire ba ta riga ta faɗi gaskiya. Kada kuma a tura ko sisi kafin a ga mota ido da ido, a kuma tabbatar da takardunta a ofishin kwastam.

Gwaji mafi sauƙi ba ya ma buƙatar data. A shiga shagunan kayan gyara uku a Funtuwa ko Malumfashi a tambayi fitilar gaba, lagireto da famfon mai na motar da ake son saye. Idan duka ukun sun ce sai an aika Legas ko Nnewi, to mai motar ya shirya ajiye ta kwanaki duk lokacin da ta lalace. A yankin da matsalar tsaro ta sa ba a son yamma ta riski mutum a kan wasu hanyoyin Faskari ko Sabuwa, motar da bakaniken ƙauye zai iya tayarwa cikin awa guda tana da darajar da ba a rubutawa a takardar ciniki.

Hukunci

Ga matashin da motarsa ita ce rabin jarinsa, kuma mai yiwuwa ya sayar da ita kafin damina ta uku, motar da ta riga ta yi yawa a garejin garinsu ita ce zaɓin hankali a yanzu, matuƙar takardunta na gaskiya ne kuma an bincika tarihinta. Yawanci wannan na nufin ta waje, ko tsohuwar Fijo. Ga kamfani, makaranta ko babban ɗan kasuwar hatsi da zai riƙe mota shekaru masu yawa kuma yana zirga-zirga Kaduna, sabuwar motar gida mai garanti tana iya fin sauƙi idan aka haɗa lissafin gaba ɗaya.

Su kuma masu haɗa motar gida, kiran a yi kishin ƙasa ba zai sayar musu da mota a Ɗandume ba. Funtuwa tana kan mahaɗar hanyoyin Zariya, Gusau da Katsina. Kamfanin da ya buɗe shagon kayan gyara da wurin duba mota a nan, ya horar da kanikawan gari, ya kuma yarda ya karɓi tsohuwar motarsa a ciko a ɗauki sabuwa kamar yadda ake musayar waya, shi ne zai gina mata daraja a hannu na biyu. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kafin manomi ya kira mota nagari, sai ya tabbata za ta mayar masa da kuɗinsa a makon da yake buƙatar taki.