A bar wa injin tarbo matatarsa ta asali

Yayin da ake yi yanzu na cire akwatin iskar da kamfani ya sa wa mota mai tarbo, a maƙala buɗaɗɗiyar matata mai siffar mazurari don inji ya riƙa gurnani, abin damuwa ne ƙwarai. Farfelar tarbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Ƙurar da matata mai faɗin ƙofa ta bari ta wuce, ita ke cinye bakin fukafukan farfelar sannu a hankali, balle a hunturun Kano ko Damagaram, inda kake wanke mota da safe, kafin azahar ka iya rubutu da yatsa a gilashi. Babbar matsalar ma ba a ganinta da ido. Na'urar da ke auna iska, da faɗin bututun asali aka daidaita ta. Da zarar an canza bututu sai ta ba kwamfutar mota lissafin da ba daidai ba. Idan fetur ya yi wa iska kaɗan, zafi ya hau, inji ya fara ƙwanƙwasa, fistin na iya ƙonewa. Man da ake shafa wa wasu matatun ma yakan ɓata na'urar. Wanda kuma aka sauke masa bututu ƙasa, ranar da ya faɗa ruwan damina inji zai zuƙi ruwa ya tsaya cak. Malam mai mota, idan ba ka da ƙwararren da zai sake daidaita kwamfutar, bar akwatin asali, ka riƙa canza matata a kan lokaci.