Ku bar wa mota tamostat ɗinta

Bara na aika wa ƙanena tsohuwar Corolla gida. Ko wata ba a yi ba bakanike ya zare mata tamostat ya jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Abin haushin, har nan Manchester na ji wani namu yana wannan magana, alhali hitar motarsa ba ta ɗumi a Janairu, yara na rawar ɗari a baya.

Haba jama'a! Ɗan ƙarfen nan kaki ne a cikinsa. Yana tare ruwa har inji ya kai wajen digiri 82 zuwa 90, sannan kakin ya narke, hanya ta buɗe zuwa lagireto. In ka cire shi inji zai daɗe bai ɗau zafi ba, mota ta yi ta shan fetur, injin kuma yana cinyewa. Sababbin motocin Jidda ma da shi suke zuwa, ƙanƙara ake yi can?

E, yakan maƙale a rufe, ruwa ya tafasa. To a sa sabo mana, da sabon gasket, a fitar da iskar da ta shiga. Kuma don Allah a bari inji ya huce kafin a taɓa murfin lagireto.