Gujiya: ku karanta kafin ku ba yaro

Ƴan uwa manoma, gujiya arzikinmu ce daga Maraɗi har Damagaram. Amma akwai yaron da jikinshi ba ya karɓar ta. In ya ci, cikin mintoci kaɗan borin jini ya fito mishi, leɓe ya kumbura, ya kama amai, wani ma numfashi ya gagare shi. Kada ku tsaya jiƙo ko turare. Ku kai shi likita nan take, allurar adirenalin ita ke ceton rai.

Ga irin wannan yaro, ɗan kaɗan ya isa, kuma suya ko dafuwa ba su hana cutar. Injin da ya niƙa gujiya da safe, in ya niƙa garin kunu da rana ba a wanke ba, gujiya ta shiga kunun. Haka yake a masana'antar biskit da alewa. Shi ya sa suke rubuta "traces d'arachide" a bayan leda. A kayan Najeriya ku nemi "groundnut" ko "peanut". Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga amfanin karatunku.

A ganina, ƙungiyoyin mata masu ƙulla gari a leda su ma ya kamata su rubuta abin da ke ciki, da Hausa. Masu inji kuma su riƙa wankewa.

Ban ce ku hana sauran yara ba. Binciken da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2015, ya nuna ba jarirai gujiya da wuri yana rage cutar. Ku dama ta a kunu, kada ku ba ƙaramin yaro ƙwaya, tana shaƙe shi.

Allah ya raya mana su.